Me ya sa ba a san Bodiroga kamar Divac ba?

Ɗan Anguwar Rogo:
Jama'a, a wuraren kallon ƙwallo a Jos, in aka taɓo 'yan ƙwallon kwandon Sabiya, Divac da Stojaković kawai ake ambata. Ina aka bar Dejan Bodiroga?

Malamin Wasanni:
Ɗan'uwa, dalilin NBA ne, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, inda Divac da Stojaković suka buga. Ƙungiyar Sacramento Kings ta NBA ta zaɓi Bodiroga a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1995, na 51, amma bai taɓa buga mata ko wasa ɗaya ba. Mu kuwa a nan wasan Amurka ake nuna mana. Ya ci EuroLeague, babbar gasar ƙungiyoyin Turai, sau 3: da Panathinaikos a 2000 da 2002, da Barcelona a 2003. Shi ne gwarzon gasar duniya ta 1998. A wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2002 a Indianapolis ya zuba wa Ajantina maki 27, ƙasarsa Yugoslabiya, wadda Sabiya ke cikinta a lokacin, ta yi nasara 84-77 bayan ƙarin lokaci.

Na Bukuru:
Gaskiya ne, Malam, sai dai salonsa ma ya taka rawa. Tsayinsa mita 2.05, amma ba shi da gudu ko tsalle sosai. Ƙarfinsa shi ne riƙe ƙwallo: ya rage gudu, ya karkata kafaɗa hagu, mai tsaro na jingina sai ya fizge ta dama, ko ya jawo a yi masa keta. Wannan yana buƙatar a gina ƙungiya a kansa. A NBA da wuya a ba baƙo wannan damar, kuma tsare masu zafin nama zai wahalar da shi.

Malamin Wasanni:
Haka ne. Ya yi ritaya a Roma a 2007, kuma a 2022 aka naɗa shi shugaban EuroLeague.