Jiri, juwa ko hajijiya? Neman sunan Hausa ga BPPV da maganinsa

Jama'a, kalma nake nema. Makon jiya na raka Inna asibiti daga Agege, domin da ta juya a gado ko ta ɗago daga sujada sai ɗakin ya kama wulwulawa da ita. Likita ya ce BPPV ne, taƙaitaccen sunan Turanci na jirin da motsa kai ke tayarwa. Ta dube ni: "Ɗan nan, me ya ce?" Na ce jiri. Ta ce, "To ai ni na faɗa masa jirin."

Ta fi ni gaskiya. Jiri jaka ce, kowa na zuba nasa: na yunwa, na azumi, na ƙarancin jini, har na wanda ya wuni cikin danfo, motar hayar Legas, a cunkoson Oshodi. Na BPPV kuwa daga can cikin kunne yake. Akwai wasu mitsi-mitsin tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam da ke taimaka wa jiki ya tsaya daidai. Idan suka ɓalle suka faɗa ɗaya daga bututu uku masu lanƙwasa, galibi na baya, to kai na motsawa sai su gangara, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana juyi. Yawanci ba ya kai minti 1 ya lafa.

Wani malaminmu a Idi-Araba ta Legas ya ba da "juwar kwance". Malam, a gafarce ni, tana kama mutum a tsaye ma idan ya ɗaga kai zai sauko da kaya. Wata yayarmu mai aikin jinya ta ce "hajijiya", nan na tsaya. Duk wanda ya yi hajijiya yana yaro ya san yadda ƙasa ke ci gaba da juyawa bayan ya tsaya. Sai na ƙara mata wutsiya: hajijiyar kunne.

Sunan maganin ne ya fi ba ni wuya. Mun saba cewa "sashen gashi", wato inda ake gasa jiki da motsa gaɓoɓi a asibiti, amma Inna ba a gasa mata komai ba. Zaunar da ita aka yi, aka karkata kanta digiri 45, aka kwantar da ita da sauri ana kallon rawar idonta. Wannan gwajin likitoci Dix da Hallpike ne, na 1952. Daga nan aka riƙa juya kan mataki-mataki, ana dakatawa kamar daƙiƙa 30, har tsakuwar ta koma mazauninta. Likitan Amurka John Epley ne ya wallafa dabarar a 1992.

An ce "tausar kai", ban yarda ba, kada wanzami ya ji ya ce aikinsa ne. Ni "mayar da tsakuwa" na zaɓa.

Raba sunan na da amfani: jirin da ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar ɓarin jiki, ba hajijiyar kunne ba ce, a garzaya asibiti.

Jiya na ji Inna a waya tana gaya wa ƙanwarta a Kano wai an mayar mata da tsakuwa. Gwaggo ta tambaya ko a shinkafa ta haɗiye ta.