Me ya sa masu hasashen yanayi ba sa faɗin abin da kunne zai ji?

Mai Sauraro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida a gidan nan ban taɓa jin jirgin ƙasa ba, don layin dogo ya yi mana nisa. Jiya da asuba sai ga ƙararsa raɗau, kamar ta bayan katanga yake wucewa. Na fito na tsaya, gari tsit, ko ganye ba ya motsi. Da hantsi na sake kasa kunne, shiru. Abin ya tsaya mini a rai. Ana gaya mana zafi da ruwa da iskar gobe, me zai hana a ce gobe sauti zai yi nisa?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kunnenka bai yi ƙarya ba. Idan dare ya yi garau ba gajimare, ƙasa takan huce da sauri, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi, ta samanta kuma da ɗumi. Sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, sai wanda ya nufi sama ya lanƙwaso ya dawo ƙasa, ya faɗo a kunnenka. Da rana abin juyewa yake, ƙasa ta yi zafi, sautin ya haye sama ya bar ka. Masu hasashe sun san daren da hakan zai faru, faɗa ne kawai ba sa yi.

Uwar Biyu:
Malam, ni da tsawa nake nawa hasashen. Ina ganin walƙiya sai in fara ƙirga. Daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan, tunda sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa. In ƙirgan na raguwa, hadarin na matsowa, sai in kira yara ciki.

Ɗan Dare:
Har gyare ma'auni ne, Hajiya. Tun 1897 wani masanin kimiyya, Amos Dolbear, ya nuna cewa kukansa na ƙara sauri idan zafi ya ƙaru. Amma Yaya Mai Sauraro, ni ba na so a riƙa sanarwa. Da an gaya maka tun daren, da ka fito ka tsaya haka?

Mai Sauraro:
Wallahi da na fito, har ma in tayar da ɗana ya ji. Malam, na ga yau ma sama garau take. In ba iska, ƙarfe nawa zan fita?