Me za mu kira "gum recession" da Hausa?

Jama'a, musamman masu fassara shirin lafiya a rediyo, ga tambaya. Dasashi kowa ya san shi. Abin da nake nema shi ne sunan halin nan da naman yake barin wuyan haƙori, saiwa ta fito fili, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, mutum ya kurɓi ruwan sanyi ya ji zugi har ƙwaƙwalwa. Ana cewa "janyewar dasashi", amma ban gamsu ba.

— Malam, me ya hana? Ai janyewa yake yi.

Hajiya, ruwa ma yana janyewa, damina ta zo ya dawo. Dasashi kuwa in ya tafi ba ya tsirowa da kansa. Mai jin "janyewa" sai ya ɗauka man goge baki zai mayar masa da shi. Ni na fi son "zaizayewar dasashi": tana ci a hankali, kuma abin da ake fara yi shi ne tsayar da ita.

— Likitan haƙori ne ni, na goyi bayan zaizayewa. Sai dai a raba ta da kumburin dasashi, wanda ake ganin jini a burushi ko asuwaki. Wannan yana warkewa sarai da wankin haƙori a asibiti. In aka bar shi, dattin da ya daskare a gindin haƙori ya buɗe rami tsakaninsa da nama. Muna auna zurfin ramin: milimita 1 zuwa 3 lafiya lau, daga 4 akwai magana. Nan sai an kankare har saiwa bayan allurar kashe zafi, domin cutar tana iya kaiwa ga ƙashi. Taba da ciwon sukari suna tsananta ta. Wasu kuma ba cuta ce ke jawo musu zaizayewar ba, dirzar haƙori suke da burushi mai tauri.

Na gode, Likita. To tiyatar da ake yanko nama daga ganɗa a rufe saiwar fa?

— "Dashen dasashi" nake ce wa majinyata, ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani.

Madalla. Mun tsaya kan zaizayewar dasashi da dashen dasashi. Mutanen Damagaram da Sakkwato, in kuna da wata kalma, ku kawo.