Waɗanda suka tuƙa tsohuwar katafila, ku zo mu tuna baya

Tsohon Afareta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da la'asar na bi ta wajen 'yan gwangwan, na tarar da yara uku sun rufu a kan wata katafila D8H da wutar gas suna yanka. Sun riga sun sauke garmar gaba, sarƙar ɓarin hagu kuma an shimfiɗe ta a ƙasa kamar fatar layya. Na ce wa babbansu, "Yaro, ka san abin da kake yankawa kuwa?" Ya ce, "Ƙarfe ne Baba, a kilo muke sayarwa." Ban da ta cewa.

Ni na shiga wannan aiki a 1971, a madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako. Da fam da sule aka fara biyana, naira ba ta zo ba sai 1973. Shekara biyu cur ina yaron katafila. Aikina bindigar giris, da cebur ɗin kankare laka daga cikin sarƙa, da cika lagireto da ruwa. Maigidana bai yarda na ɗora mazaunaina a kujera ba sai da na iya tayar da ita ni kaɗai, kuma tayar da ita ɗin ne jarrabawar.

Yaran yanzu makulli suke murɗawa. Mu kuwa akwai wani ƙaramin injin fetur mai silinda biyu da ke manne a gefen babban. Turawan Ingila donki suke ce masa. Shi za ka fara tayarwa, ka bar shi ya ɗumama. Sannan ka saki libar matsin iska ta babban inji, ka haɗa giyar da ke kama shi, ƙaramin ya yi ta juya babban a banza har sai allurar baƙin mai ta tashi. Daga nan ka mayar da matsin iska, ka ji ƙaramin ya yi nishi kamar jakin da aka yi wa lodi. Ka ba shi lokaci silinda su ɗau zafi, sannan ka buɗe gas. Farin hayaƙi, tari biyu uku, sai ka ji ƙasa ta amsa. Da hunturu, lokacin da sanyin Tiga ke yanka kunne, wannan hidimar kan kai ka wajen rabin awa.

Wacce kuka tuƙa, kuma wacce ta fi kwanta muku? Ni dai D8H ce tawa har gobe.

Na Kadawa:
Wa alaikumus salam Baba. Ka manta abu ɗaya, wataƙila don ba ka taɓa shan mari a kansa ba. Idan babban ya tashi, ba a kashe ƙaramin da maɓalli. Famfon fetur ake rufewa a bar shi ya shanye na cikin kafireto ya mutu don kansa. In ka bar famfon a buɗe, girgizar aiki za ta sa fetur ya yi ta tsiyaya cikin baƙin mansa har ya koma ruwa tsululu. Ni na yi wannan kuskuren sau ɗaya. Kunnena na dama ya yi kwana uku yana kuka, kuma ba ƙarar inji ce ta jawo ba.

Bakanike Mai Sifana:
Allah ya ja kwana Baba. Ni ban tuƙa ba sai gwaji bayan gyara, amma na kwana a ƙarƙashinsu fiye da yadda na kwana a ɗakina. Ku afaretoci kuna son ƙaramin injin nan don ba ku ne ke gyara shi ba. Maganetonsa, wato abin da ke ba fulogi wuta, in ya ji raɓa shi ke nan, sai a cire fulogi a gasa a wuta, a goge, a sake mayarwa. Na D7 ta da da hannu ake juya shi, in ya yi tutsu ya dawo da baya kuwa sai ya ɓalle maka babban yatsa. Shi ya sa ake koya wa yaro kada ya zagaye mariƙin da babban yatsansa, ya jera shi tare da sauran huɗun. Na D4 kuwa igiya ake naɗawa a fizga.

Amfaninsa ɗaya da ba zan yi musu ba: babu ruwanka da babban batir. A dajin da mota ke zuwa sau ɗaya a mako, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma babban inji ba ya tashi a bushe, mai ya riga ya zagaya ko'ina kafin wuta ta kama. Ina ganin wannan na daga cikin abin da ya sa suka yi tsawon rai.

Amma in zaɓi za a ba ni, D8K. Ta fito a 1974, ƙarfin doki 300, injin D342 iri ɗaya da na yayarta amma an ƙara masa kuzari, ka murɗa makulli ta tashi. Duk wanda ya iya sifana da guduma zai gyara ta a gindin bishiya.

Tsohon Afareta:
Malam Bakanike, K tana da ƙarfi, ban ƙi ba. Amma H ta fi haƙuri. K in ka matsa mata da rana tsaka, idonka ba ya barin allurar zafi.

Bakanike Mai Sifana:
Baba, ai ba laifinta ba ne. Ƙaiƙayi da ciyawa ne ke toshe lagireto, yaranku kuma ba sa hurewa.

Ɗan Ader:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni daga Tahoua nike. Mun yi aikin hanyar da ta tahi Agadez har Arlit, wadda aka kira hanyar uraniyom. Mu bul muka ce ma katafila, gas ɗinku kuma gazuwal. Can laka ba ta dame mu ba, rairai ne abokin gaba. Yana shiga tsakanin fil da bushin na sarƙa yana ci kamar gara, haƙoran babbar giyar baya su koma masu tsini kamar ƙayar aduwa. Akwai wata 'yar kwalba bisa bututun shan iska da ke tara ƙura, a wasu wurare sau guda aka zubar da ita a yini, mu kuwa in iska ta taso sai mun zubar sau ukku.

Da rana ƙarhen ba ya taɓuwa. Rawani munka naɗe har ido, buhu jiƙaƙƙe bisa kujera. Shayi kuwa bisa bututun hayaƙi munka dahwa shi, kuma wallahi ban sake shan mai daɗinai ba. Komatsu D155 ni tuƙa daga baya, ta Japan, ba ni da abin hwaɗi kanta sai alheri. Amma ko ita mutanen ƙauye katafila sunka ce mata.

Na Kadawa:
Gaskiyarka Malam. Ko Fiat-Allis ce, ko ta Rasha ce, in dai tana tafiya a kan sarƙa sunanta katafila. Kamar yadda kowane garin sabulu Omo ne.

Bari in ba ku nawa. Wadda na fara hawa D7 ce mai waya. Ga waɗanda ba su riske ta ba: garmar ba da ƙarfin mai take hawa da sauka ba, igiyar ƙarfe ce ke ɗaga ta daga wani ganga, in ka saki ta sauka da nauyinta kawai. Ma'ana ba ka da ikon danna ta ƙasa. A jar ƙasa mai laushi lafiya lau. In ka hau marmara da rani, sai ta yi ta zamewa a sama tana ƙara kamar ana wasa wuƙa, sai ka karkata ka kama da kusurwa ɗaya ka samu bakin zare. Wayar kuma in ta fara tsufa silinta kan miƙe kamar allura. Tafin hannuna har yau akwai zanensu.

Abin da ya kusa kashe ni kuwa gangara ce. Kun san ba ta da sitiyari. Ka ja libar hagu, sarƙar hagu ta rabu da inji, ta dama ta ci gaba da turawa, sai ta karkata hagu. In kana son juyi mai kaifi ka taka birkin wannan ɓarin. To a gangara, in nauyi ne ke tura ka daga baya, lissafin juyewa yake yi. Sarƙar da ka saki ita ce za ta ruga, don inji ba ya riƙe ta, sai ka ja hagu ka ga kana tafiya dama. Babu wanda ya gaya min. Ina saukowa daga kan tsibin ƙasa ina jan sikirefa, wato tirelar kwasar ƙasa, cike, na ja hagu, na ga bakin rami yana matsowa ta dama. Na ƙara ja, ya ƙara matsowa. Allah ne kawai ya ba ni dabarar sakin garma ta dafe ƙasa. Da na sauko ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, na zauna a kan sarƙa ina ta salati. Heluma ya zo, maimakon jaje sai ya ce, "Yau ka zama afareta."

Jikan Direba:
Iyayenmu sannunku. Ni D6R nake tuƙawa yanzu, kuma da ladabi nake tambaya: ba ƙaunar ƙuruciyarku ce ke sa ku ga kamar na da sun fi ba? Naku babu rumfa, babu gilas, sai ƙura da zafi. Ni ina da ɗaki, da hannu ɗaya nake juyawa.

Tsohon Afareta:
Ɗana, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Bayana da kunnena su ne shaida. Amma ranar da taka ta nuna jar wuta ta ƙi motsi, wa kake jira? Mai kwamfuta daga birni. Mu da kunne muke gane ciwonta. In ta fara cin ƙasa fiye da ƙarfinta, a mazaunai za ka ji kafin inji ya canza murya, ka ɗaga garma kamar faɗin yatsa biyu ta wuce. Safiyo ya kafa turakunsa, kai kuma ka fitar masa da shimfiɗa da ido. Ba na ce ba ku iya ba, amma ku na'ura na taya ku.

'Yar Mai Katafila:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ban tuƙa ba, mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa. Na daɗe ina karanta ku ina hawaye ina dariya. Abin da na sani na katafila shi ne kayan aikinsa. Innarmu kan jiƙa su kwana guda da toka da sabulun salo kafin baƙin mai ya saki, kuma ba a haɗa su da kayan kowa. In ya dawo hutun ƙarshen wata gashin idonsa ja wur da ƙura. Rediyo kuwa sai ya ƙure murya, maƙwabta su san Baba ya dawo. Muna yara mun ɗauka faɗa yake yi, ashe ba ya jin kansa ne. Shekarar ƙarin albashin Udoji ya sayo wa Inna keken ɗinki, yana nan har yau a ɗakina.

Bakanike Mai Sifana:
Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. 'Yata, duk wanda kika ga ya yi wannan aikin, ki yi masa magana ta gaba yana kallon bakinki.

Mai Kuka:
Amin. Ku kuna ta zancen inji, ni bari in yi na daji. An tura mu sharar fili, katafila biyu, ƙatuwar sarƙar jirgin ruwa a tsakani, muna tafiya kafaɗa da kafaɗa tana kwantar da duk abin da ta tarar. Sabara, kalgo, marke, ba a ko jin su. Sai muka zo kan wata kuka da mutum shida ba za su zagaye ta da hannu ba. Leburori suka ja da baya, suka ce ta masu abu ce. Dattawan ƙauyen suka zo suka roƙi a ba su kwana ɗaya. Injiniya ya yi dariya amma ya ba su.

Washegari aka ce ni zan ture ta. Na yi addu'o'in da na sani. Na yanke saiwoyin ɓari uku, na tara ƙasa na yi matakala don garma ta kama ta daga sama, na ɗora mata. Ta yi wani irin kuka daga ciki, ta fara tafiya. Masu abun da suka fito kuwa zuma ce, baƙi ƙirin kamar hadari. Ba rumfa ba gilas. Na yi tsalle na bar inji yana aiki, na faɗa cikin wani kududdufi. Kwana biyu idanuna ba su buɗe ba. Mutanen ƙauye har na bar wurin ba su yarda zuma ce kawai ba, ni ma ban yi musu da su ba.

Amma wanda ya tsaya min a rai daban ne. Wani gari da ruwan madatsa zai cinye, an riga an kwashe mutane, aka ce mu baje gidajen. Ginin ƙasa ba ya yi wa D8 gardama, kamar ka taka ƙwai ne. Na nufi wani gida sai na ga tsohuwa ta fito daga zaure tana ɗaga hannu. Na taka feda na rage wuta, don ita tata fedar in ka taka ragewa take yi, na tsaya. Ashe ta dawo ne da ƙafa daga sabon matsuguni don dutsen niƙanta. Ta ce na uwarta ne. Ni da yarona muka ciccibo shi muka ɗora a bayan kujera, na kai mata har bakin hanya. Ba ta zage ni ba, ba ta gode min ba. Na koma na ture gidan.

Ɗan Ader:
Allah shi yahe muna baki ɗai. Wanga aiki akwai lada akwai nauyi.

Bakanike Mai Sifana:
Baba Tsohon Afareta, wata alfarma. In ka koma wajen yaran nan, duba min ko ƙaramin injin yana jikinta. Akwai wani mai gona da ke da irinta a ajiye shekara biyu saboda maganeto kawai. Ko nawa suka ce kilo, zan ninka.

Tsohon Afareta:
Na je da safen nan Malam. Injin sun fasa shi da guduma tun jiya don su ware tagulla. Maganeton kuwa na same shi a cikin kwandon tarkace, murfinsa ya tsage amma na juya shi da hannu ya ba ni wuta har gwiwar hannu. Yana nan a gida cikin leda. In kana da mai shigowa Kano ranar Juma'a, ya same ni bayan masallaci.