Dinya da kaji a akurki ɗaya: yaya za a raba musu ruwa da abinci?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Ina neman shawarar wanda ya haɗa dinya da kaji a waje ɗaya.

Dinya 3 ne, namiji 1 da mata 2, sai kaji masu ƙwai 12. Wajen kwanansu ɗaya ne, an shimfiɗa musu dusar katako.

Babbar damuwata ruwa. Dinya sai ta tsoma kanta duka ta wanke hanci da ido, don haka mazubin kaji bai ishe ta ba. In an ajiye bokiti kuma, nan take ta cika shi da laka da tsaki, ta fantsama sauran a ƙasa. Shimfiɗar ta jiƙe sharkaf, warin kashi yana shiga ido da safe, kuma irin wannan danshi ne ke kawo wa kaji gudawar jini. Na ɗora bokitin kan ragar waya da faranti a ƙarƙashi, abin ya ragu amma bai daina ba. Shin za a iya fitar da ruwan waje gaba ɗaya da dare, muddin an janye abincin ma?

Sai abincin masu ƙwai, wanda sinadarin kalsiyam ɗinsa ya kai kusan kashi 4 cikin 100. Namijin dinyar yana cinsa, alhali yawan kalsiyam na cutar da ƙodar tsuntsun da ba ya ƙwai. Rataye mazubin bai hana ba, wuyansa ya kai.

Ina tunanin yin shinge mai ƙaramar ƙofa da kaza kaɗai za ta wuce. Faɗin santimita nawa ya dace, kuma tazara nawa za a bari tsakanin shingen da mazubin?