Tambaya kan niƙan hatsi ga mai cutar siliyak

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana abinci kan mai cutar siliyak (cutar da gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, ke lalata hanjin mai ita) da ya bar alkama, sha'ir da lemon malt wata 8, amma gwajin jini na tTG-IgA (wanda ke nuna ko jiki na ci gaba da yaƙi da gulutin) bai sauka yadda ya kamata ba, zawo da kumburin ciki ma suna dawowa.

An cire burodi, taliya, Semovita, alkaki da ɗanwaken da ake zuba wa fulawa, an duba takardar dunƙulen miya. Tuwonsa na masara ne, dawa ko shinkafa, sai acca.

Abin da nake zargi shi ne injin niƙan unguwa, inda ake zuba alkama da masara ta bakin inji guda, ga tsohon gari maƙale a haƙoran injin. Iyakar da aka yarda da ita a abincin da ake kira marar gulutin miligiram 20 ce ta gulutin a kilo, wato ɗan ɓurɓushin fulawa ma ya wuce ta.

To, idan aka fara niƙa mudu ɗaya aka ware wa sauran 'yan gida, na biyun ya tsarkaka? Ko dole a koma turmi da rariya na daban? Muciya da ƙwarya fa, wanki da sabulu ya wadatar?