Baba yana roƙon baftisma amma mata biyu gare shi, ku ba ni shawara

'Yar Auta:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah shawara nake nema, abin ya hana ni barci. Babanmu Bamaguje ne daga wajen Malumfashi, ya auri matansa biyu tun yana al'adar gargajiya, daga baya bishara ta zo ƙauyenmu ya karɓi Yesu, ya fasa tukwanen tsafi da hannunsa ya bar giya. Uwargida an yi mata baftisma, shi kuwa da mamata (ita ce ta biyu) aka ce sai ya sallami ɗaya tukuna. Shekara da shekaru ke nan baya fashin sujada, da kaka shi ke fara kai damin dawarsa na zakka, amma ranar jibin Ubangiji, wato cin gurasar tunawa da mutuwar Yesu, tunda ba a yi masa baftisma ba, da an fara zagayawa da faranti sai ya ɗauki sandarsa ya fita ya zauna gindin darbejiya har a gama. To yanzu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, kullum maganarsa ɗaya, "ku kira min fasto ya sa ni a ruwa kafin in tafi." Mama kuma jiya ta ce ita za ta tattara kayanta ta koma gidan ƙaninta don kada ta zama sanadin hana shi shiga sama, alhali ita ce ke juya shi ta yi masa wanka. Tambayata, in ya rasu haka ya sami ceto? Kuma mu bar Mama ta tafi?

Malamin Sande Sukul:
Ƙanwata sannu, Allah ya ba Baba sauƙi. Ki fara kwantar da hankalinki a kan ta farkon. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu saboda bangaskiya, ba don ayyuka ba, ki haɗa da Romawa 10:9. Ɓarawon nan na kan gicciye a Luka 23:43 wa ya kai shi kogi? Amma Yesu ya ce masa ranar nan zai kasance tare da shi a Firdausi. Gidan Karniliyus ma Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu tun Bitrus bai gama magana ba, daga baya aka kawo zancen ruwa, duba Ayyukan Manzanni 10:44-48. Ruwa shaida ce, jinin Yesu ne ke wanke zunubi.

Dattijo daga Kagoro:
'Yata, malam ya faɗi gaskiya amma kada mu mai da umarnin Ubangiji abin wasa. Shi da bakinsa ya ce a yi baftisma a Matiyu 28:19, Bitrus kuma a ranar Fentikos tuba da baftisma ya haɗa su tare, Ayyukan Manzanni 2:38. Ɓarawon nan yana rataye a kan gicciye ne, ba shi da halin sauka. Kuma dattawan ikilisiyarku ba mugunta suke yi ba, Matiyu 19 ta nuna tun farko namiji ɗaya mace ɗaya ne, suna tsoron in sun buɗe ƙofa gobe wani mai bi ya ƙara aure ya ce ai an yi wa wane. Na zauna a kujerar dattawa, na san nauyin abin.

Maman Biyu:
Baba Dattijo da girmanka, ni fa nan ne ban gane ba. Wanda ya ƙara aure yana cikin ikilisiya daban, wannan horo ya kamace shi, ba gardama. Amma mutumin da bishara ta same shi da matansa biyu da 'ya'ya tuli, wace irin tuba ce za a ce ya kori tsohuwa mai jikoki, ta je ina, wa zai riƙe ta? Malakai 2:16 fa ta ce Allah yana ƙin kisan aure, wato a gyara laifi ɗaya da wani laifin ke nan. Kuma wannan mijin mace ɗaya da ake ta ja mana a 1 Timoti 3:2 sharaɗin shugaban ikilisiya ne, ni ban ga inda aka ce sharaɗin shiga ruwa ba ne. Mutumin Habashan nan da Filibus ya yi wa bishara a hanya, da ya ga ruwa cewa ya yi me zai hana a yi masa baftisma, Filibus bai ce ya kawo takardar aure ba. Kar ku yarda Mama ta fita ko nan da ƙofa, yanzu ne ma yake bukatarta.

Ɗan Wusasa:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu na Angilika, don wannan gardama ta girmi kakanninmu. A taron bishop-bishop na Lambeth na 1888 a Ingila an yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba, sai dai ya zauna a matsayin mai koyo. Shekara 100 bayan haka, a taron 1988, aka sake duba maganar aka ce ana iya yi masa tare da matansa masu bi da 'ya'yansu, da sharaɗin ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye, ba za a tilasta masa ya kori kowa ba, kuma sai jama'ar ikilisiyar wurin sun yarda. Wannan na ƙarshen shi ya sa ba ko'ina ake yi ba. Na kawo ne don ki san masu tsoron Allah sun zauna sun ga abin ta fuska biyu.

Katekis:
'Yar'uwa, mu a Katolika baftisma ba shaida kawai ba ce, muna riƙe da Yahaya 3:5 da 1 Bitrus 3:21, kuma dokarmu ma mace ɗaya ce zai zauna da ita a matsayin mata, sauran ya ci gaba da kula da bukatunsu. Amma koyarwarmu ta ce wanda ya tuba yana marmarin baftisma da gaske mutuwa ta riga shi, wannan marmarin nasa ya isar masa. Kin ga ko mu da muka fi tsanantawa a kan ruwan ba mu yanke wa irin Baba ƙauna ba.

Maman Biyu:
To kun ji. Ni da za a bi tawa a kira wani fasto daga gari ya zo ya yi masa cikin ɗaki shiru, a wuce wurin.

Dattijo daga Kagoro:
A'a Maman Biyu, wannan kam kada a yi. Mutumin da ya yi shekaru yana fita gindin bishiya don biyayya, a ƙarshe a yi masa baftismar sata? Shi kansa ba zai ji daɗinta ba, kuma gidan ne zai kwana cikin rigima ranar jana'iza. 'Yata ga abin da za ki yi. Kada ki je ke kaɗai, ki ɗauki babban wanku ɗan uwargida, in da hali ita uwargidan da kanta ta yi magana, bakinta ya fi na kowa nauyi a nan. Ku rubuta roƙo ga fasto da dattawa, ku faɗi cewa auren ya riga tubarsa, bai ƙara ba tun da ya ba da gaskiya, ga kuma halin jikinsa. In faston ya ce ya fi ƙarfinsa ku roƙe shi ya kai maganar gunduma, sau da yawa shi ma hannunsa a ɗaure yake. Ku tambaya har da yadda za a yi da ruwan, tunda mai shanyewar jiki ba a kai shi rafi.

'Yar Auta:
Na gode ƙwarai iyayena, Ubangiji ya saka. Na karanta wa Mama duka, ta yi kuka amma ta kwance ƙullin kayanta. Na kira Yaya, ashe uwargida tun bara take cewa in za a kori abokiyar zamanta to a haɗa da ita. Fasto ya ce mu zo ranar Laraba bayan addu'ar yamma, zai tara dattawa. Baba Dattijo don Allah takardar da Hausa za mu rubuta ko da Turanci, kuma Baba zai iya dangwala yatsa tunda hannun daman ne ya mutu?

Dattijo daga Kagoro:
Da Hausa, yadda za a karanta masa ya ji abin da aka rubuta da sunansa. Ya dangwala na hagu, matan biyu su sa nasu a ƙasa.